Warin akwatin jita na hannu: mafarinsa da maganinsa

A yau da wuya a yi bukin aure a Agadas, ko wasan samari a Tawa da Yamai, ba a ji amon jita ba. Wannan abin kiɗa da ya zo daga ƙetare ya zama ɗan gida, har ya zama hanyar cin abincin matasa masu yawa. To, amma sabuwar jita tsada gare ta, saboda haka galibin masu koyo, har ma da waɗanda suka ƙware, ta hannu su ke saye, watau wadda wani ya riga ya more ta a Turai, ko Amurka, ko biranen bakin teku. In mai saye ya yi sa'a sai a haɗa masa da akwatinta. Sau da yawa kuwa murna ta kan koma ciki ne in an je gida an buɗe akwatin, wari ya bugi hanci, uwargida ta ce a fitar mata da shi daga ɗaki.

Wani zai ce ai wari ba ya hana kiɗa. Gaskiya ne, amma wari alama ce ta wata ɓarna da ke ɓoye. Yana iya zama shaidar funfuna mai cin katako da ƙyalle, ko fitsarin dabba, ko wani tururi mai sa ƙarfe tsatsa. Wanda ya ƙyale shi yana iya asarar jitar da ya daɗe yana tara kuɗinta, wanda kuma ya yi masa maganin da bai dace ba yana iya ɓata ta da hannunsa. Don haka ya kamata a san mafarin abin, sa'an nan a san maganinsa.

Jita ta zama ƴar gida

Ƙasar Nijar ta saba da kayan kiɗa masu tsirkiya tun kaka da kakanni: ga gurmi, ga molo, ga garaya, ga goge. Jita ta shigo ne ta hanyar ƙungiyoyin kiɗan zamani na birane, kuma gasar kiɗa mai sunan Ɗan Gurmu, wadda aka soma a ƙarshen shekarun 1980, ta ƙara mata martaba a idon samari. A arewa kuma Abzinawa suka ɗauke ta suka ba ta salo nasu. Marigayi Abdallah ag Oumbadougou, wanda ya rasu a shekarar 2020, yana cikin waɗanda suka share wannan hanya. Bombino, mutumin Agadas, faifansa mai suna Deran na shekarar 2018 ya shiga jerin masu takarar lambar Grammy a Amurka. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, da hannunsa ya harhaɗa jitarsa ta fari, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke, ga shi kuma ya zagaya duniya da kiɗansa. Ƴan mata ma ba a bar su a baya ba, domin ƙungiyar Les Filles de Illighadad, ta wani ƙauye da ke yankin Abalak, ta kai sunan garinsu ƙasashe masu nisa.

Labarin Mdou Moctar ya isa ya nuna yadda samun jita ke da wuya ga yaron karkara. Wanda ya samu, dukiya ya samu. Ita kuwa dukiya irin wannan tana bukatar ɗaki, ɗakinta kuwa shi ne akwati. Shi ke tsare ta daga ƙurar hunturu, da girgizar mota a kan hanyar Tawa zuwa Agadas, da hannun yara a tsakar gida. Makaɗin da ya jefar da akwati don yana wari, ya rataya jitarsa tsirara a bango, ya gudu daga ƙaramar matsala ne ya faɗa babba.

Doguwar tafiyar akwati

Kafin akwati ya iso hannun mai saye ya sha zama a wurare da dama. Wataƙila ya shekara goma a ƙarƙashin gadon wani Bature, ko a ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa inda rana ba ta leƙawa, ko kuwa ya yi yawo gidajen rawa inda hayaƙin taba ke turnuƙewa har asuba. Daga nan sai a cusa shi cikin kwantena tare da tsofaffin takalma da katifu da tufafin gwanjo, ya yi makonni a kan teku. Da rana ƙarfen kwantena ya yi zafi, da dare ya yi sanyi, sai gumi ya taru a rufinta yana ɗiga a kan kaya.

Shekara da shekaru tashar jiragen ruwa ta Kwatano ita ce babbar ƙofar kayan Nijar, su biyo ta Paraku da Malanbil su tsallako Gaya, tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin Yamai. Bayan rufe iyakar Benin a shekarar 2023, kaya da yawa suka koma bin tashar Lome, su ratso Burkina Faso. Ko ta ina aka bi, sai kaya sun yi zaman jira a bakin teku, inda danshin iska ya kan kai kashi 80 cikin 100. Funfuna kuwa ba ta bukatar fiye da wannan: muddin danshi ya zarce kimanin kashi 70 cikin 100 na kwanaki a jere, a wuri mai duhu marar iska, to, ta samu gona.

Yadda aka ƙera akwatin

Ba a gane dalilin da ya sa wari ke maƙalewa sai an san abin da aka yi akwatin da shi. Akwati mai tauri hawa huɗu ne. Daga waje akwai leda mai kauri, wadda masu ƙira ke kira Tolex, ko kuwa wani yadi mai ƙarfi. A ƙarƙashinta akwai katako mai falle-falle, ko kwali mai tauri, ko roba. Sai soso ko auduga domin taushi. A can ciki kuma sai ƙyalle mai gashi-gashi kamar karammiski, wanda jita ke kwanciya a kansa. Dukkan waɗannan da gam aka manne su. Akwatunan da suka tsufa ƙwarai da gam ɗin fata da ƙashin dabbobi aka haɗa su, shi kuwa in ya sha laima ruɓewa ya ke yi kamar kowane abu da ya fito daga jikin dabba.

Ban da leda da roba, kowane hawa a cikin waɗannan yana tsotsar ruwa da hayaƙi kamar yadda tsumma ke yi. Ga shi kuma an yi akwatin ne don ya rufu ruf. Abin da ya shiga ba ya samun hanyar fita. Wannan ne ya sa goge sama-sama ba ya magani, domin warin yana can cikin soso da katako, inda hannu ba ya kaiwa.

Kowane wari da sunansa

Hausa ba ta yi rowar sunayen wari ba, kuma wannan yalwa tana da amfani a nan, domin hanci shi ne likitan farko.

In warin ya yi kama da na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, ko na tufafin da aka naɗe da sauran laima, to, funfuna ce. A duba kusurwoyi da ƙarƙashin ƙaramin aljihun da ke tsakiyar akwati, sau da yawa za a ga ɗigo-ɗigo fari ko toka-toka ko kore. Cikin abubuwan da ke ba da wannan wari akwai wani sinadari da masana ke kira jiyosmin, shi ne kuma ke ba ƙasa ƙamshinta a ranar ruwan fari. Hancin ɗan Adam yana jin sa ko da ɗan mitsitsi ne ƙwarai, shi ya sa warin ke saura bayan ido ya daina ganin kome.

In ƙauri ne mai ɗaci, ƙyallen kuma ya yi rawaya-rawaya, hannu yana ɗan kamawa in an shafa ledar waje, to, taba ce. Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma kwaltar da ke cikinsa tana manne wa kowane zare, ta yi ta sakin wari sannu a hankali har shekaru.

In zarni ne, to, kyanwa ce ko ɓera. Kyanwa tana son kwanciya a buɗaɗɗen akwati saboda taushinsa. Fitsarinta in ya bushe ya kan bar wani gishiri wanda ruwa ba ya narkar da shi sosai. Da rani sai a ce ya tafi, damina na faɗuwa sai ya dawo sabo. Ɓera kuwa ya kan bar shaida: kashi, da soson da ya gaigaya ya yi sheƙa.

In ɗoyi ne kamar na fatar da ba ta jemu ba, tsohon gam ne ya ruɓe. In kuwa wari ne mai yaji, mai tsami, mai kama da na kafur, ga ƙarafan jita sun yi tsatsa ko sun yi kore, ƙyallen da ke daidai wani wuri guda kuma ya ƙone ya canza launi, to, laifin ba na akwati ba ne. Tsofaffin jitoci da yawa an yi musu ado da wata roba mai suna seluloyid, musamman farantin da ke kare fuskar jita daga ƙarzar yatsu. In ta tsufa ta kan farfashe, ta riƙa fitar da tururi mai cin ƙarfe. Maganin wannan shi ne a kai wa mai gyara ya cire robar ya sa wata, a kuma nisanta ta da wuta, domin saurin kamawa gare ta.

Matakin fari: a raba jita da akwati

Duk abin da za a yi wa akwati, kada a yi shi jita tana ciki ko tana kusa. A fitar da ita, a jingine ta a inuwa cikin ɗaki, inda ba za a yi tuntuɓe da ita ba. Sa'an nan a kwashe duk abin da ke cikin aljihun tsakiya. Tsofaffin tsirkiyoyi, da tsumman goge gumi, da maɗaurin kafaɗa na fata, da takardun da suka sha laima, sau da yawa su ne rabin warin.

A fita da akwatin waje, a rufe hanci da baki da ƙyalle, a juya wa iska baya, a sa buroshi mai tauri a tsefe gashin ƙyallen, a kife akwatin a bubbuga bayansa. Wanda ke da injin zuƙar ƙura, ko ya san masu wankin mota da ke da shi, aikinsa ya zo da sauƙi. Mai ciwon asma ko tari kada ya yi wannan aiki da kansa, domin ƙurar funfuna tana tayar da ciwon ƙirji. In kuwa an ga kashin ɓera, kada a share shi a bushe. A jiƙa shi tukuna da ruwan jabel da aka sirka, a kwashe da takarda, a wanke hannu da sabulu. Ɓeraye suna ɗauke da cututtuka, cikinsu har da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a shekarar 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno.

Rana da iska

A nan mutumin Sahel ya fi Bature sa'a. Abin da na Turai ke jira wata da watanni, watau rana mai ƙarfi da busasshiyar iska, a nan kyauta ne mafi yawan shekara. Daga hunturu zuwa bazara danshin iska a Yamai da Maraɗi da Damagaram ya kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, funfuna kuwa ba ta iya girma a haka. Hasken rana yana kashe wadda ke sarari, zafi kuma yana korar laima da tururin wari daga cikin soso.

Sai dai a yi da hankali. A wangale akwatin, cikinsa ya fuskanci rana, daga hantsi na awa biyu ko uku, sa'an nan a mayar da shi inuwa inda iska ke kaɗawa, a bar shi buɗe. A maimaita haka kwana biyar ko mako guda. Kada a bar shi a tsakar ranar watan Afrilu, sa'ad da zafi a inuwa ma ya kan wuce digiri 40, domin baƙar leda ta kan ɗauki zafin da ya fi haka nesa, gam ya saki, leda ta ɓamɓare, murfi ya karkace har ya ƙi rufuwa. In ana hazo, a lulluɓa masa tsohon gidan sauro ko mayafi marar kauri don ya rage ƙura. Da dare a shigar da shi, kada ya kwana a raɓa. Zafin rana yana kuma taimakawa wajen korar kyankyaso da kuɗin cizo, waɗanda kayan gwanjo kan zo da su.

Masu tsotse wari

In rana ta gama nata, sai a sa abin da zai janye sauran. Na fari shi ne bikarbonat, farin garin da a ke samu a kantin magani da wajen masu kayan yin burodi. Yana kashe wari mai tsami. Mai injin zuƙar ƙura yana iya barbaɗa shi a kan ƙyallen, ya rufe akwatin kwana biyu ko uku, sa'an nan ya zuƙe tas. Wanda ba shi da inji kada ya barbaɗa, domin garin zai maƙale a gashin ƙyalle ya riƙa gogar fentin jita kamar yashi. Ya ɗura shi cikin safa mai tsabta ko ƴar jakar yadi, ya ɗaure, ya ajiye biyu ko uku a ciki.

Kanwa ƴar uwar bikarbonat ce, domin akwai shi a cikinta. Ana iya daka ta a zuba a ƙaramin kwano a ajiye cikin akwatin da ke kwance, amma ta fi shi kaifi, kuma in ta jiƙe tana barin tabo, saboda haka kada ta taɓa ƙyalle ko ƙarfe.

Na biyu gawayi. Jikinsa cike ya ke da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, su ke kama tururin wari. Wanda aka sarrafa musamman don wannan aiki, irin na matatar ruwa, faɗin ramukan giram ɗaya nasa ya kan wuce murabba'in mita 500. Gawayin murhu bai kai wannan ba, amma shi ma yana aiki in an yawaita shi. A zaɓi busasshe, a farfasa, a ƙulle cikin yadi ninki biyu don kada ya baƙanta wuri, a rufe shi ciki mako guda, a fitar a shanya shi, a sake mayarwa.

Na uku tsofaffin jaridu. A cukuikuye su a cika akwatin, a riƙa canzawa bayan kwana biyu. Takarda tana shan laima da ƙaurin taba. Wasu suna sa busasshen garin kafe, yana kuwa taimakawa, sai dai ya kan bar nasa ƙamshin.

Wari mai taurin kai ba ya fita a zagaye ɗaya. Rana, gawayi, rana, gawayi, haka za a yi ta yi, wani lokaci har wata guda. Makaɗin da ke da wasa ranar Asabar kada ya fara aikin ranar Juma'a, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

In sai an jiƙa

Ledar waje ba ta tsoron ruwa. A goge ta da tsumma da ruwan sabulu, a bi da ruwa mai kyau, a tsane. Kwaltar taba da yawa a nan ta ke, kuma mai gogewa zai ga tsumman ya koma ruwan ƙasa. Ciki kuwa ba a kwarara masa ruwa, domin katako zai kumbura, gam ya narke, a koma gidan jiya.

Inda funfuna ta yi tabo, a haɗa farin ruwan khal, watau binegar, da ruwa daidai wa daida, a tsoma tsumma a matse shi sosai, a riƙa dannawa a wurin. Warin khal ya kan tafi da kansa in ya bushe. Alkol na kantin magani mai ƙarfin kashi 70 shi ma yana kashe funfuna, ga saurin bushewa, amma a nisanci wuta da sigari. Kafin a sa kowanne, a gwada a wani lungu a ga ko rinin ƙyallen yana zuba. Kada a haɗa khal da bikarbonat wuri ɗaya, domin kowanne yana kashe ƙarfin ɗan uwansa. Fitsarin kyanwa kuwa akwai ruwan magani na musamman mai narkar da gishirinsa, wanda a kan samu wajen masu sayar da magungunan dabbobi a manyan birane. Bayan kowace jiƙawa sai an koma rana da iska har wurin ya bushe ƙarau.

Jakar jita mai taushi, wadda a ke goyawa a baya, ta fi sauƙi. A wanke ta da hannu cikin ruwan sabulu, a ɗauraye sosai, a buɗe zif a shanya. Sai dai soson da ke cikinta ya kan ɗauki kwana biyu ko uku kafin ya bushe, ko da waje ya nuna kamar an gama.

Garin neman gira

Yawancin ɓarnar da a ke yi wa jita wajen wannan aiki daga gaggawa ta ke fitowa. Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne turare. Turaren fesawa, ko humra, ko turaren wuta, ba sa cire wari, lulluɓe shi su ke yi, bayan ƴan kwanaki kuma a ji biyun sun gauraya sun fi na da muni. Hayaƙin turaren wuta ma maiƙo ya ke bari a kan ƙyalle, kamar na taba. Bugu da ƙari, jitoci masu daraja da yawa, irin na kamfanonin Gibson da Martin, da na Fender da aka ƙera kafin ƙarshen shekarun 1960, an shafe su ne da wani fenti mai ƙyalli da a ke kira nitroselulos. Wannan fenti ba ya jimre alkol, ko man turare, ko maganin sauro na shafawa, har ma da doguwar haɗuwa da wasu irin roba da leda. Sai a wayi gari a ga fuskar jita ta yi laushi, gashin ƙyalle ya manne mata. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Na biyu, ƙwallayen kafur da a ke sa wa cikin tufafi. Warinsu ya fi wanda a ke gudu wuyar fita, kuma sinadarin naftalin da ke cikin yawancinsu guba ne. Yana fasa ƙwayoyin jini, musamman ga jarirai da masu wata larurar jini ta gado da likitoci ke kira rashin G6PD, wadda ta yawaita a Afirka ta Yamma. Yaro kuma yana iya ɗauka ya zaci alewa ce.

Na uku, ruwan jabel. Yana cinye launi, yana ruɓar da zare, yana sa makullai tsatsa. Abin da ya fi haɗari shi ne haɗa shi da khal, domin haɗin yana tayar da iska mai guba wadda ke ƙona huhu. Fetur da kananzir su ma ba su da wuri a wannan aiki.

Akwai kuma injin da ke fitar da iskar ozon, wanda masu gyaran motoci da otal-otal na wasu ƙasashe ke amfani da shi don kashe ƙaurin taba. Yana aiki, amma iskar tana cutar da huhu, tana kuma tsattsage roba. In za a yi amfani da shi, sai a ɗakin da babu mutum ko dabba, babu jita, a kuma buɗe tagogi daga baya.

In abin ya faskara

Akwai akwatin da rana da gawayi ba sa iya masa: wanda fitsari ya ratsa har katako, ko ɓera ya haihu a ciki, ko soso ya zama gari, ko gam ya ruɓe. Irin wannan sai a yi masa sabon ciki. A ɓamɓare ƙyallen a hankali, a ajiye shi ya zama ma'auni. A kankare soso da tsohon gam, a goge katakon da takardar yashi, a shafe shi da alkol, a shanya kwanaki. In aka shafa masa banis ya bushe, zai toshe sauran warin da ya shige cikin katako. Sa'an nan a yanka sabon soso da sabon yadi mai taushi a manne.

Wannan aiki bai fi ƙarfin masu sana'ar gida ba. Mai gyaran kujerun mota da na falo kullum da soso da gam da karammiski ya ke aiki. Dukawan Damagaram da na Agadas, waɗanda aikin fatarsu ya yi suna, suna iya sake marikin da ya ruɓe. Katako da ƙusa da makullai kuwa ana samun su a kasuwanni irin ta Katako a Yamai. Sharaɗi ɗaya ne: gam ɗin da masu kujeru ke aiki da shi yana da tururi mai ƙarfi da ke ɓata fenti, saboda haka a bar akwatin buɗe mako biyu ko fiye, sai hanci ya daina jin gam sa'an nan jita ta shiga.

Ita jitar fa?

Jitar da ba ta lantarki ba cikinta ba fenti, katako ne tsirara, kuma ta bakinta wari ke shiga ya zauna. In ba a kula da ita ba, ita za ta mayar wa akwati warin da aka sha wahalar cirewa. A sassauta tsirkiyoyi, a zuba ɗanyar shinkafa busasshiya cikin tafin hannu ɗaya, a girgiza a hankali, a juye, za ta fito da ƙura da saƙar gizo. Sai a zura ƙullin gawayi da zare a ciki na ƴan kwanaki. Waje kuwa tsumma mai taushi ya isa. Jita ba a shanya ta a rana ko kaɗan, ba a kuma barin ta cikin motar da aka rufe. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan jikinta da nauyin da ya kai kimanin kilo 70, in gam ya yi laushi da zafi sai jakin da ke riƙe da su ya ɗago, ko wuya ya lanƙwashe.

Rigakafi

Masu ƙera jita suna ba da shawarar a ajiye ta inda danshi ke tsakanin kashi 45 da 55 cikin 100. A ƙasar Hausa shekara ta rabu biyu, kowane rabi da nasa haɗari. Da damina, musamman a watan Agusta, laima ce abar tsoro: kada a ajiye akwati a ƙasa ko a jingine shi da bangon da ke jiƙa, a riƙa buɗe shi yana shan iska, a sa masa ƴan ƙullin nan masu shan danshi da a ke samu cikin kwalin sababbin takalma. Da hunturu kuwa bushewa ce ke tsaga katako. A lokacin a cire ƙullin, a sa ɗan soso da aka jiƙa aka matse sosai cikin gidan sabulu mai huji, a riƙa duba shi. In ya cika ruwa, ko an manta da shi har damina, to, an shuka funfuna da hannu. Bayan kowane wasa a goge gumi, kuma kada a rufe jita tare da jiƙaƙƙen tsumma ko maɗauri.

Mai niyyar saye kuma kada ya yi cinikin biri a sama. Ya buɗe akwatin a gaban mai kaya, ya sunsuna, ya ɗaga murfin aljihu, ya danna soso ya ji ko yana dawowa, ya duba tsatsar makullai da tabon ruwa a gindi. In ya ji ƙamshin turare ya yi yawa, ya tambayi kansa abin da a ke ɓoyewa. Warin laima da na taba suna fita da haƙuri, saboda haka dalili ne na neman ragi. Zarni da ɗoyin gam kuwa sai ya lissafa kuɗin sabon ciki a kan farashi kafin ya ce ya saya.

Kayan da wannan gyara ke bukata duk suna kusa: rana, iska, gawayi, tsohuwar jarida da ɗan bikarbonat. Abin da ya rage shi ne haƙurin makonni biyu ko uku. Matashin da ya ba akwatinsa wannan lokaci ya tsare lafiyar ƙirjinsa, ya tsare mutuncinsa a gaban masu buki, ya kuma ƙara wa jitarsa shekarun da za ta ci gaba da ciyar da shi.